Waƙar Ɗaurin Aure a Coci: Ta Amarya Ce Ko Ta Jama'a?

Cikin dukan shirye-shiryen da ake yi kafin a ɗaura aure a coci, zaɓen waƙoƙi ne aka fi bari sai ƙarshe, kuma shi ne ya fi saurin jawo ɓacin rai tsakanin masu aure da shugabannin ikilisiya. Amarya tana da waƙar da ta daɗe tana so a yi mata sa'ad da take shigowa, ango yana da tasa, iyaye suna tuna wadda aka rera ranar nasu auren, shugaban mawaƙa yana lissafin abin da mutanensa za su iya koya cikin ɗan lokacin da ya rage, fasto kuwa yana da ƙa'idar da sau da yawa bai taɓa bayyana wa kowa dalilinta ba. Idan rana ta zo, ko dai a yi abin da bai dace da sujada ba, ko kuma amarya ta shigo ranta a ɓace domin an hana ta abin da ta ƙwallafa rai a kai. Ra'ayina shi ne, waƙar da ake yi a cikin coci ranar aure ta jama'ar da suka taru ce kafin ta zama ta amarya da ango, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace waƙa, tsohuwa ce ko sabuwa.

Dalilina yana cikin tsarin hidimar kanta. Idan aka lura, mutum uku ne kawai suke magana a mafi yawan lokacin ɗaurin aure, wato mai ɗaura auren da amarya da ango. Sauran mutane, waɗanda aka kira su zama shaidu su kuma roƙa wa sabon gidan albarka, ba su da murya sai a wuri biyu: inda suke amsa Amin, da inda suke rera waƙa. Idan aka karɓe waƙar daga bakinsu aka miƙa wa mawaƙi guda, ko aka bar wa na'ura ta yi, an mai da shaidu 'yan kallo ke nan, kuma abin da ya rage musu sai ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Babi na 5 na wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, wanda ake yawan karantawa a wurin aure saboda koyarwarsa game da miji da mata, shi ne kuma babin da a aya ta 19 yake umartar masu bi su riƙa magana da juna cikin zabura da waƙoƙin yabo. Ayoyi biyu kacal ne suka raba umarnin waƙa da farkon koyarwar aure, kuma a ganina wannan kusanci yana nuna cewa gidan da ake kafawa yana tsaye ne a tsakiyar jama'ar da take rera waƙa tare.

Masu aure sukan ce ai ranarsu ce, kuma ba ni ganin wannan magana ce da za a yi watsi da ita. Su ne za su yi alkawari, su ne za su tuna ranar har tsufansu, kuma babu laifi idan suna so abin da aka rera ya zama mai ma'ana a gare su. Haka kuma ba gaskiya ba ne a ce ƙaunar namiji da mace ba ta da wurin zama a gidan Allah. Littafi Mai Tsarki yana ɗauke da littafi sukutum na waƙoƙin soyayya, wato Waƙar Waƙoƙi, kuma Zabura ta 45 waƙar bikin auren sarki ce, har da bayanin adon amarya da 'yan matan da suke rakiyarta. Saboda haka wanda ya hana waƙa don kawai ta ambaci soyayya bai karanta littafinsa da kyau ba. Abin tambaya shi ne wace irin ƙauna waƙar take bayyanawa, kuma ko ta yi daidai da alkawarin da za a furta bayan 'yan mintoci. Alkawarin aure yana magana ne a kan wadata da talauci, lafiya da rashin lafiya, har mutuwa ta raba. Yawancin waƙoƙin soyayya na kasuwa kuwa suna magana ne a kan bugun zuciya da rashin barci da yadda mutum ba zai iya numfashi ba sai da masoyinsa. Wasu ma, idan aka zauna aka karanta baitocinsu a takarda ba tare da kiɗa ba, sai a tarar waƙoƙin rabuwa ne ko na kishi, daɗin karinsu ne ya rufe kunnuwan mutane. Akwai kuma waɗanda suke ce wa masoyi shi ne mai ceto, shi ne abin dogara, shi ne kome, kalmomin da Kirista ya saba faɗa wa Allah shi kaɗai, kuma ba ƙaramin abu ba ne a tsaya gaban bagadi a faɗa wa ɗan'adam su.

Wannan damuwa ta daɗe. Wajen shekara ta 400, Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya rubuta cewa yana jin ya yi kuskure duk lokacin da daɗin rerawa ya fi motsa shi a kan abin da ake rerawa, ko da yake ya yarda cewa waƙa tana taimaka wa raunanan zukata su tashi zuwa ibada. Ba na tsammanin ya kamata mu kai tsananinsa, amma gwajin da ya bar mana yana da sauƙi kuma yana aiki: a rubuta kalmomin a takarda, a karanta su da murya a fili ba kiɗa, sannan a tambayi kai ko jama'a za su iya cewa Amin a kansu. Gwajin yakan fallasa har waƙoƙin da aka ɗauko daga Littafi Mai Tsarki. Sanannun kalmomin nan na cewa inda za ki tafi nan zan tafi, mutanenki za su zama mutanena, waɗanda aka sha mayarwa waƙar aure, Rut ce ta faɗa wa surukarta Na'omi bayan mazajensu sun mutu. Wannan bai hana a rera su ba, domin amincin da suke bayyanawa shi ne ainihin abin da aure yake bukata, amma ya kyautu masu aure su san asalin abin da suka zaɓa.

Sai dai a nan ne nake ganin shugabannin ikilisiya ma suna da tambayar da za su amsa, domin abin da ake kira kiɗan aure na gargajiyar coci, wanda ake karɓa ba musu, mafi shahararsa bai fito daga coci ba. Kiɗan nan da ake yi wa amarya sa'ad da take shigowa, wanda kusan duk duniya ta san shi, Richard Wagner ne ya tsara shi a cikin wasan kwaikwayonsa na waƙa mai suna Lohengrin, wanda aka fara nunawa a birnin Weimar na ƙasar Jamus a 1850. A cikin wasan ba a rera shi lokacin shiga wurin ibada, ana rera shi ne bayan an gama ɗaurin aure, sa'ad da ake raka ango da amarya ɗakinsu. Auren kuwa bai kwana ba, domin a daren amarya ta karya sharaɗin da aka gindaya mata ta tambayi mijin sunansa da asalinsa, aka yi kisa a ɗakin, mijin ya tafi ya bar ta, ita kuma ta faɗi matacciya a ƙarshen wasan. Kiɗan fita kuwa, wanda ake yi sa'ad da ango da amarya suka juya za su bar coci, Felix Mendelssohn ne ya tsara shi a 1842 domin wani wasan barkwanci na Shakespeare mai cike da aljanu da sihiri, inda har aka mai da kan wani mutum na jaki. Abin da ya sa ya bazu shi ne an yi shi a bikin babbar 'yar Sarauniya Biktoriya ta Ingila da yariman Prussia a Landan, ranar 25 ga Janairu, 1858, daga nan kowace amarya ta so a yi mata irin na 'yar sarauniya. Hatta waƙar Ave Maria ta Franz Schubert, wadda mutane da yawa suke ɗauka addu'a ce tun fil'azal, an tsara ta ne a 1825 a kan fassarar Jamusanci ta wani sashe na waƙar marubucin nan ɗan Scotland, Walter Scott, daga baya ne aka ɗora mata kalmomin addu'ar Latin.

Wasu majami'un Katolika da na Lutheran sun daɗe suna hana kiɗan Wagner saboda wannan asali, kuma aƙalla su sun tsaya a kan ƙa'ida guda. Wanda ban gane masa ba shi ne faston da zai ce wa amarya waƙarta ta duniya ce, sannan ya umarci makaɗi ya buga na Wagner, alhali bambancinsu kawai shi ne ɗaya ya tsufa ɗaya kuma sabo ne. Ni dai ban ga dalilin hana waɗannan kaɗe-kaɗe biyu ba. Ba su da kalmomi a yadda ake yin su, kuma bayan shekaru fiye da ɗari da hamsin babu wanda yake jin su ya tuna da wasan kwaikwayo, abin da kowa yake ji shi ne amarya tana tafe. Amma wannan sassauci yana da iyaka, kuma iyakar ita ce ƙwaƙwalwar masu sauraro. Wasu masu aure sukan yi dabara su ce a buga karin waƙar fim ɗin da suke so a kan piyano ba tare da murya ba, wai ai babu kalmomi. Kalmomin suna nan, domin duk wanda ya san waƙar yana rera ta a zuciyarsa yana kuma tuna wurin da ya gan ta a fim, sa'ad da ya kamata hankalinsa ya kasance a kan alkawarin da za a yi.

Maganar kayan kiɗa kuwa ba na so in daɗe a kanta, domin ikilisiyoyi sun bambanta ƙwarai kuma kowacce tana da hujjarta. Majami'un Otodoks na Gabas bisa al'adarsu da murya zalla suke waƙa, har a wurin aure inda ake ɗora wa ango da amarya rawanin sarauta. Mabiyan John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, a birnin Geneva sun kammala littafinsu na zabura a 1562 suka riƙa rera su ba tare da kayan kiɗa ba. Babban taron Batikan na biyu, wato taron bishop-bishop na cocin Katolika, a takardarsa kan sujada ta 1963, ya ba ogan mai bututu matsayi na girma, amma ya yarda da wasu kayan kiɗa idan sun dace, ya kuma ce a mutunta al'adun kiɗa na al'ummai daban-daban a ba su wuri. Zabura ta 150 kuwa ta lissafa ƙaho da garaya da molo da ganga da kuge. Saboda haka jita ko ganga ba su ne matsalar ba. Matsalar da na fi gani ita ce ƙara: an ƙure lasifika har mutumin da yake rera waƙa a kujerarsa ba ya jin muryar kansa balle ta maƙwabcinsa, sai ya yi shiru ya bar wa masu makirufo.

Abin sha'awa ne cewa hukumar da ba ta addini ba ma ta fahimci nauyin waƙa a wurin aure. A Ingila da Wales, idan mutum ya zaɓi a ɗaura masa aure a ofishin rajista, doka ba ta yarda a rera waƙoƙin yabo na coci a wurin ba, domin hidimar ba ta addini ba ce. Idan gwamnati tana ganin waƙa guda tana iya sauya yanayin taro, bai kamata a yi mamaki ba idan coci ma ya ce yana da ta cewa a kan abin da za a rera a cikinsa.

To, wace irin waƙa ce ta dace? Amsata ta farko ita ce wadda mutane suka sani. Duk wanda ya halarci aure a coci ya taɓa ganin wannan: mai jagora ya ce a miƙe, kowa ya buɗe takardar tsarin hidima, makaɗi ya fara, sai ɗakin ya yi tsit in ban da muryar mawaƙa da ta fasto da take fita ta makirufo, mutane suna motsa leɓe suna satar kallon juna, baiti bayan baiti har guda shida. Ya kuma taɓa ganin akasin haka, inda aka ɗauko tsohuwar waƙar da kowa ya girma da ita, sai ka ga tsohuwar da take kujerar baya ta ajiye takarda ta rufe ido tana rerawa da ka, dangin ango da na amarya waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba sun zama murya ɗaya. Taron aure ya bambanta da na Lahadi, domin yana haɗa mutanen ɗariku daban-daban da waɗanda suka daɗe rabonsu da coci da ma waɗanda ba Kirista ba, don haka waƙa biyu ko uku sanannu, masu sauƙin kari, waɗanda aka buga kalmominsu a takarda, sun fi sabuwar waƙa mai wuya komai kyawunta. A kuma kula kada makaɗi ya ɗauko ta da sama sosai har maza su kasa bi.

Ba lallai ba ne kuma waƙar ta ambaci aure. Littafin addu'a na cocin Ingila na 1662 ya tanadi Zabura ta 128 domin hidimar aure, wadda take kwatanta mata da kurangar inabi mai 'ya'ya, yara kuma da dashen zaitun kewaye da teburi, amma ya ba da zaɓin Zabura ta 67, wadda ba ta ce kome game da aure ba, roƙo ne kawai cewa Allah ya yi mana jinƙai ya sa mana albarka, al'ummai kuma su yabe shi. Waƙar godiya ko ta amincin Allah takan fi dacewa da ranar fiye da wadda aka cusa mata kalmar amarya don dole.

Inda nake ganin ikilisiya take gazawa shi ne wajen neman mafita tare da masu aure. A 1883, wata budurwa a Ingila da ake shirin aurenta ta koka cewa karin waƙar coci da ta fi so ba za a iya yi mata shi ba, domin kalmominsa ba su dace da aure ba. 'Yar'uwarta, wadda daga baya aka sani da suna Dorothy Gurney, ta ɗauki littafin waƙa ta koma wani ɗaki ta rubuta sababbin baitoci a kan wannan kari, addu'a ce ta roƙa wa ma'aurata haƙuri da bege da salama. Waƙar ta shiga littattafan waƙoƙin coci, kuma har yau ana rera ta a wurin aure. Ba a ce wa amaryar ta haƙura ba, ba a kuma rera abin da bai dace ba. Irin wannan ƙoƙari ne nake so in gani daga fasto da shugaban mawaƙa. Su rubuta ƙa'idarsu a takarda su ba masu aure tun ranar da aka sa rana, su haɗa da jerin waƙoƙin da mawaƙansu suka iya, su kuma faɗi dalili idan sun ƙi wata. Cewa haka muke yi a nan ba dalili ba ne ga wanda ya zo da tambaya ta gaskiya. Idan cocin yana bin kalandar sujada, a sanar da su tun wuri, domin a cocin Katolika, alal misali, ba a rera Halleluya a lokacin babban azumin da ake yi kafin Ista kuma ana taƙaita kiɗa. Su ma masu aure su tuna cewa ba a fafe gora ranar tafiya: mawaƙan coci galibi masu sa kai ne, kuma ba adalci ba ne a tura musu sabuwar waƙa ta waya ana gobe biki a ce su koya.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake mantawa sai sun ɓata hidima. Tafiyar amarya daga ƙofa zuwa bagadi a yawancin majami'u ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, waƙar da aka naɗa a faifai kuwa takan kai minti huɗu. Sai amarya ta iso ta tsaya riƙe da hannun mai rakiyarta, ango yana murmushin dole, fasto ya buɗe littafi ya rufe, kowa yana jiran waƙa ta ƙare, har mai kula da na'ura ya gaji ya katse ta a tsakiyar baiti. Makaɗi mai rai yana ganin amarya da idonsa, yana iya ja ko ya taƙaita ya kuma sauka daidai lokacin da ta tsaya, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin fifita shi a kan na'ura, ko da bai kai na faifan gwaninta ba. Lokacin furta alkawari da sa zobe kuwa ina roƙo a bar shi babu kiɗa ko kaɗan. Al'adar nan ta buga piyano a hankali ƙarƙashin muryar ango daga fim aka koyo ta, kuma tana hana shaidu jin kalmomin da aka tara su domin su ji, musamman da yake muryar masu aure takan yi rawa ta kuma yi ƙasa a wannan lokaci.

Mawaƙi guda ko ƙawar amarya mai murya suna da wurinsu, kuma wurin shi ne lokacin sa hannu a takardar aure, sa'ad da jama'a suke zaune suna jira ba su da abin yi. A nan za a iya yin waƙa ta musamman, muddin kalmominta sun tsallake gwajin da na ambata, kuma yana da kyau a shirya ta biyu a ajiye, domin ba a san tsawon lokacin da shaidu da masu ɗaukar hoto za su ci ba. Kiɗan fita shi ne inda ya kamata a fi sakin hannu, domin an riga an sa albarka, abin da ya rage farin ciki ne, ko da ogan za a yi shi ko da ganguna da tafi. Waƙar nan kuwa da ango da amarya suka fara ji tare, wadda take tuna musu kwanakin neman aure, a kai ta wurin liyafa, inda za a yi ta daga farko har ƙarshe su kuma taka rawa a kanta ba wanda zai katse musu.